Abin Ya Tashi

Talata, bayan la'asar

Layi biyu ya nuna. Ban ma san da wace ƙafa na dawo gida ba.

Bari in rubuta daga farko. Auta ta kusa haihuwa, cikinta na fari, kuma likitocinta sun ce yaron a zaune yake, aiki za a yi mata, a tanadi jini ko da za a buƙata. Mijinta ya ce zai bayar. Na ce nawa fa? Ni na haife ta, jininmu iri ɗaya. Na saka atamfata mai kyau na bi shi ɗakin karɓar jini, ina ta zuba a mota kamar rediyo. Abin da ya sa nake rawar kai, 'yan watanni ke nan da likitana ya dube ni ya ce, "Mama, kin warke. Babu ƙwayar ciwon hanta ko ɗaya a jininki." Shekaru ina ɗauke da ita, wata uku ina haɗiyar magani kullum safiya. Na ɗauka magana ta ƙare. Na ɗauka jinina ya zama irin na mutane, wanda ake kyauta da shi.

Mai gwajin ya soki yatsana, ya ɗiga a kan wata 'yar farar roba, muka zauna jira. Sai na ga fara'arsa ta ɗauke.

"Mama, ba za mu iya ɗaukar naki ba."

"Saboda me?"

Ya dubi surukina, ya dube ni. "Layi biyu ya fito. Na hanta ne."

"Ɗana, duba da kyau. An yi min magani. An ce na warke."

"To ni dai abin da na gani ke nan. Ki koma wajen wanda ya ce kin warke."

Surukina malamin lissafi ne, mutum mai kunya, bai taɓa haɗa ido da ni ba tun da ya auri Auta. Yau ma bai haɗa ba. Da muka dawo, zan sauka daga mota ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Umma." Irin gaisuwar da ake yi wa wanda ke kwance.

Tsoro nake ji. Ba ni da wata kalma.

Laraba, da hantsi

Na yi sammakon asibiti. Likitana ba ya nan, wai ya tafi ƙaro ilimi, sai nan da 'yan makonni. Ilimin da yake da shi bai gaza masa ba sai yanzu da nake nemansa.

Doguwar nas ɗin nan na samu, wadda ke duba ni tun farkon magani. Yarinya ce mai kirki, allurarta ba zafi, sai dai Hausarta ta koyo ce, a tasha da kasuwa ta tsince ta, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Na gaya mata abin da ya faru. Ta ce, "Mama, kar ka damu. Wancan ƙaramin gwaji ba ya mantuwa, shi ke nan. Za mu yi babba." Ta ɗebi jini a kwalba, ta ce sai an aika shi wani gari inda ake da injin, in sakamako ya dawo za ta kira ni.

Ba ya mantuwa. Tun a mota nake juya maganar. Wa ba ya mantawa? Ni? Wato abin ya san hanyar gida.

Laraba, da yamma

Auta ta yi ta kira. Ban ɗauka ba.

Alhamis, da rana, a shago

Aiki ya yi mana yawa, kayan makaranta ne tuli guda, shuɗin yadi har kan kujerar baƙi. Fankar ma ta zaɓi yau ta riƙa ƙara kamar za ta faɗo mana a ka. Ina kan kekena ina takawa, hankalina na wani wuri, sai Almakashi ta leƙo. Shekara goma sha muna ɗinki kafaɗa da kafaɗa, kuma ba don ta iya yanka ake kiranta haka ba, don bakinta ne.

"Maman Auta, yaron wa za ki saka wa wannan? Kin ɗinka masa aljihu a baya."

Na duba, gaskiyarta ne. Ina warwarewa na gaya mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, abin da ban taɓa gani ba. Sannan ta ce, "Ke dai kin cika tsoro. Matar da ta cinye min burodi jiya har da gefen, ita ce mara lafiya? Da can da kike da ciwon ai rabin kofin shayi sai an yi miki magiya."

Ta miƙa hannu ta ɗauki kofina za ta kurɓa, da gangan, tana kallona. Na fizge har ya zube a kan yadi. Ta ce, "Au, abin har ya kai haka?" Na ce ya kai.

Na san ba ta kofi ake ɗauka ba. Likita ya gaya min tun tuni, sai jini ya haɗu da jini. Kaina ya sani. Hannuna ne bai sani ba.

Juma'a, bayan magariba

Surukina ya zo. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ni, ya tambayi aiki, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi famfon da ke yoyo. Na sha jinin jikina. Mutumin da ke tambayar famfo ba famfo ya kawo shi ba.

"Umma, dama cewa na yi, ko za ki ɗan huta a gida tukuna. Har sakamakon ya fito. Kin san za a yi mata yanka, ga jariri kuma jikinsa ba ƙwari. Ƙanwata za ta zauna da ita a asibiti."

"Ita Autar ce ta ce haka?"

"A'a, Umma. Ni ne. Ban gaya mata zan zo ba."

Da ya yi min rashin kunya da na ji sauƙi, da na sami wanda zan yi fushi da shi. Amma yaron tsoro yake ji, irin nawa sak. Na ce masa ba komai, gaskiyarsa ne. Har na raka shi bakin titi ina cewa ya gaida gida.

Tun ranar da Auta ta gaya min tana da ciki nake shirin wannan. Ni zan karɓi jaririn daga hannun nas, ni zan fara goge masa jiki, ni zan kwana a kujera kusa da ita. Abin da ya riƙe ni ke nan lokacin da maganin ke sa min ciwon kai. In ce a raina, haɗiye, kina da jika a hanya.

Asabar, da safe

Na kira Auta. "Umma, ni ban ce kar ki zo ba, wallahi ban ce ba," tana kuka. Na ce na sani, ki daina kuka kar ki tayar da yaron. Na yi mata dariya. Na iya dariyar waya.

Lahadi, da rana

Ba na zuwa shago ran Lahadi, amma na je, don gidan ya yi min shiru. Na ɗauko kayan jaririn da nake ɗinkawa a ɓoye, farin yadi mai laushi, riguna ƙanana da ko tafin hannuna ba su rufe ba. Saura maɓallai kawai. Ina saka na ƙarshe allura ta shige min yatsa, can ciki, gefen farce.

Ɗigo ɗaya ne. A kan wuyan rigar.

Shekara talatin ina ɗinki, allura ta soke ni ba adadi, in tsotse yatsa in ci gaba. Yau na zauna ina kallon jan ɗigon nan yana faɗaɗa a farin yadi, hantar cikina ta kaɗa. Ka ji magana, hantar. Ko a wajen tsoro ita ake ambata.

Na tattara su duka, har waɗanda ban taɓa da hannun ba, na ƙulle a leda na kai bola.

Litinin, da safe

Ba a kira ba.

Talata, da safe

Ba a kira ba. Yatsan ya kumbura, ya yi ja, yana bugawa kamar da zuciya a ciki.

Laraba, da yamma

Siket ɗina baƙi ya ƙi shiga. Na ja zif ɗin ya tsaya a rabi.

Ba zan rubuta maganar Yaya ba.

Alhamis, da asuba

Na ce ba zan rubuta ba. Abu ɗaya kawai. Ni nake buɗe wa Yaya riguna. Ya aiko da su a ce a ƙara yadi a gefe, in ƙara, bayan sati biyu su dawo a ce a ƙara. Wuya da hannu suna yi masa yawa, ciki yana yi masa kaɗan. Ta ƙarshen ban sami yadi mai kalarta ba, na haɗa da wani. Bai ma saka ta ba.

A lokacinsa babu wannan maganin. Bayan rasuwarsa ne aka ce duk 'yan gidan mu je gwaji, aka sami ƙwayar a jikina.

Na ɗauko tef na auna cikina. Ba zan rubuta lambar ba. Ya ƙaru.

Alhamis, da rana

Zazzaɓi. Kuma kaluluwa ta fito min a hammata, ɓangaren yatsan, kamar ƙwallon dabino. Almakashi ta taɓa goshina kafin in kauce, ta ja ni kemis aka wanke yatsan aka ba ni magani. Duk hanya tana faɗa. "Tela guda, allura ta kayar da ke. In mutane suka ji wa zai ƙara kawo mana ɗinki?"

Abin da ke ci min rai shi ne watannin nan da suka wuce. Na ji daɗinsu ƙwarai. Da can kullum in tashi da gajiya kamar na kwana ina wanki, jikina na ƙaiƙayi, gwiwoyi na ciwo, a gaya min awo in manta kafin in ɗauki alli. Bayan maganin sai duk suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya na hau matakalar shago na kai sama, sannan na lura ban tsaya hutawa ba. Na tsaya a wurin ina murmushi ni kaɗai. Abinci ya dawo da ɗanɗano. Likita ya ce garkuwar jikina ce ta sami sararin numfashi.

To duk ƙarya ce? Jiki yana yi wa mutum ƙarya haka?

Asabar, da yamma

Na auna. Na ɓoye tef ɗin a ƙasan akwati. Na ciro shi na sake aunawa.

Litinin, da rana, a shago

Ta kira.

Kekuna duk suna aiki, na toshe kunne ɗaya na fita baranda. Muryar doguwar nas ce, da ƙarfi, da sauri, kamar tana tafiya.

"Mama! Takarda ya zo. Abin ya tashi."

"Na'am?"

"Ya tashi, Mama, ya tashi gaba ɗaya! Likita zai dawo Litinin na sama, ka zo da safe ya yi maka bayani."

Na ce to. Na ce na gode. Har tana dariya kafin ta kashe, ban san me ya ba ta dariya ba, wataƙila wani ne ya yi mata magana a gefe. Su sun saba, kullum suna faɗa wa mutane irin wannan.

Ya tashi. Haka aka ce da na Yaya. Ya yi shekara biyu lafiya lau muna cewa ciwon ya kwanta, rana ɗaya matarsa ta kira ni ta ce ya tashi.

Na koma na zauna na gama wandon da ke kan keke. Ɗinkin ya fita tsaf.

Talata

Ban fita ba.

Laraba, da hantsi

Na kira masu kaya su zo su karɓa. Wanda na gama na bayar, wanda ban fara ba na mayar da yadin. Wata ta ce, "Tafiya za ki yi?" Na ce wataƙila.

Almakashi ta tare ni a ƙofa. "Ki sake kiran yarinyar nan ki tambaye ta da kyau."

"In tambaye ta me? Ta maimaita min?"

"To mu je asibitin mu ga takardar."

"Ni da ke wa ya iya karanta ta? Ki bar ni in kai Litinin a tsaye."

Ta ce ni da taurin kai sai dai a haƙura. Sannan ta juya baya tana neman almakashin da ke hannunta.

Ban gaya wa Auta ba. Jibi za a shiga da ita.

Alhamis, da yamma

Kaluluwar ta sace. Yatsan ya bushe, har ya yi sabuwar fata. Ban yarda da shi ba. Ban yarda da komai na jikin nan ba.

Juma'a, bayan la'asar

Na je. Ban shiga ba.

Akwai benci a ƙetaren titi, gaban mai sayar da lemo da ayaba, daga nan ana hango ƙofar asibitin haihuwa. Tun safe na zauna. Mai lemon ya gaji da kallona ya ce, "Mama, mara lafiya gare ki a ciki?" Na ce 'yata ce za ta haihu. Ya ce, "To ki shiga mana." Na ce zafi ya yi yawa a ciki.

Na kalli tagogi ina zaɓar wadda take ciki. Duk wanda ya fito da gudu sai gabana ya faɗi. Na yi addu'ar duk da na sani, na ƙare na koma farko. Abin da na fi tsoro shi ne a fito a ce jinin bai isa ba, ga ni zaune da nawa cike da jiki, ba shi da amfani ga kowa.

Rana ta take sannan na hango surukina ya fito yana waige-waige da waya a kunne. Tawa ta yi ƙara a jaka. Ya ji ƙarar, ya ɗago, ya gan ni. Ya ƙetaro ko mota bai duba ba.

"Umma! Namiji ne. Tana lafiya, ta farka. Ko jinin ma ba a saka mata ba."

Ya miƙo min wayar in ga hoto. Na sa hannuwana a baya na leƙa. Fuska a cukuikuye, baki a buɗe, goshin gidanmu. Goshin Yaya.

"Tana tambayarki," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ko ta taga ne, Umma."

Na ce a'a. Na ce sakamako ya fito, ba mai daɗi ba ne, kar ya gaya mata sai ta yi ƙwari. Ya tsaya da wayar a hannu, idonsa ya ciko. Ni na lallashe shi.

Asabar

Za a sallame su gobe, in ji surukina. Auta ta turo min muryar kukan yaron. Na saurara har batir ya mutu.

Lahadi, da yamma

Na wanke kayana, na share ɗaki, na goge keken gida na rufe shi da zane. Gobe Litinin.

Ina tsoron ciwo. Ina tsoron cikin nan ya yi abin da na gani da idona. Amma wallahi abin da ya fi tsaya min a wuya, yaron nan zai girma a nuna masa hotona a ce wannan kakarka ce, ba ta taɓa ɗaukarka ba.

Litinin, bayan azahar

Ban san ta inda zan fara ba. Raina a ɓace yake, a bencin asibiti nake rubutu.

Na shiga ofishin likita, ya tare ni da fara'a, ya yi ƙiba a wajen karatun nasa. "Mama, barka! An gaya miki ko?"

"An gaya min. Wata nawa ya rage min?"

Ya sauke tabarau. "Wata nawa na me?"

"An ce ya tashi."

Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya leƙa ƙofa ya kira doguwar nas. Ta shigo tana washe baki. Ya ce me kika gaya wa Mama?

"Na ce ya tashi! Babu shi. Kamar mota ya tashi a tasha, kamar kasuwa ya tashi. Ka zo ka duba, ba kowa."

Likita ya dafe kai. Ya ce mata a hankali, "In ciwo ne, ya tashi yana nufin ya dawo da ƙarfinsa." Yarinyar ta toshe baki da hannu biyu. Ta durƙusa a gabana tana "Mama, yi haƙuri, Mama, na yi murna ne, na kira ka da gudu." Na so in zage ta. Na buɗe baki, sai kuka ya fito maimakon zagin, irin mai sauti, a gaban mutane.

Da na lafa ya juyo min da takardar, ya sa biro a kan wani layi. Babu ƙwayar. Ba ta dawo ba, ba ta taɓa dawowa ba.

Na ce to layi biyun fa?

Ya ce, "Mama, jikinki ya yi shekaru yana faɗa da ɓarawo a cikin gida. Masu gadinsa sun ɗauki hoton ɓarawon sun manna a bango. Mun fitar da ɓarawon, amma hoton yana nan, wataƙila har ƙarshen rayuwarki. Ƙaramin gwajin hoton yake gani. Babban ne ke shiga ɗaki ɗaki ya duba ko mutumin na nan. Laifina ne, ya kamata in ja miki kunne tun ranar da na sallame ki."

Na ce zazzaɓin fa, da kaluluwa? Ya duba yatsan, ya taɓa hammatar. Ya ce datti ne ya shiga ta ramin allura, masu gadin suka taru a nan suka yi aikinsu, magani ya taimaka, suka watse. Abin da ake so su yi ke nan.

Na ce cikina fa. Na faɗa da ƙyar. Ya kwantar da ni ya danna, ya ƙwanƙwasa, ya sa aka shafa min man nan mai sanyi aka duba a na'ura. Ya ce, "Babu ruwa ko cokali. Wannan tumbi ne, Mama. Abinci ne. Ki rage burodi."

Almakashi ba za ta taɓa jin wannan daga bakina ba.

Amma bai bar ni na tafi da daɗi zalla ba. Ya ce mai gadin da ya yi shekaru bai runtsa ba, ba ranar da aka kama ɓarawo yake komawa daidai ba. Wasu sun warware, shi ya sa gajiya da ƙaiƙayin suka tafi. Wasu suna warwarewa a hankali. Wasu kuma da alama da ɗingishinsu za su zauna, su kansu likitoci ba su gama sanin iyakar abin ba. Ya ce hoton bangon ba ya hana sabon ɓarawo shiga, in kiyaye reza da allurar da ba tawa ba. Hantar tana da tabo, zan riƙa zuwa ana dubawa sau biyu a shekara. Jini kuma ba zan bayar ba, har abada. Wannan ta yi min zafi fiye da yadda na zata.

Sai da na kai ƙofa na iya tambaya. "Likita, jikana fa? Zan iya ɗaukarsa?"

"Mama, ko da ƙwayar na jikinki, ɗauka da runguma ba sa saka wa yaro. Balle babu. Wa ya hana ki?"

Na ninke takardar na saka a jaka na fito.

Talata, da yamma

Ban je ba. Na yi wanka na shirya, na kai bakin titi, na dawo. Na tura wa surukina hoton takardar, ya kira yana ta ba ni haƙuri. Auta ta ce in ban zo gobe ba za ta taso da ɗinkinta ta zo da kanta.

Takarda ta ce babu. Likita ya ce babu. Na yanke farce har sai da ya yi zafi, na duba hannuwana a rana gaba da baya ina neman tsaga. Idan injin ya yi kuskure fa? Idan jinin wata aka auna?

Laraba, bayan la'asar

Na je da niyyar in tsaya daga bakin ƙofa. Na ma shirya abin da zan ce, mura nake ji, kar in matso.

Ɗakin na warin man jarirai da madara. Auta na zaune a bakin gado, ta rame, gashinta a tsefe rabi, yaron na kafaɗarta yana tsala ihu. Ba kowa sai ita, ƙanwar mijin ta fita sayo magani. Na yi sallama. Ko amsawa ba ta gama yi ba ta miƙe a duƙe, hannu ɗaya dafe da ciki.

"Yauwa Umma, riƙe min shi, bayi zan shiga, tun ɗazu nake matse."

Ban ce to ba. Ban ce a'a ba. Kafin in buɗe baki yana hannuna, ita kuma ta ja ƙafa ta shige ta rufo ƙofa.

Na tsaya a tsakiyar ɗaki na miƙe hannuwa da shi can nesa da jikina, kamar mai ɗauke da faranti. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Yana ta ihu, fuskarsa ta yi ja. Na ce Auta yi sauri. Na ce Auta zo ki karɓe shi.

Ta cikin bayi ta ɗaga murya. "Haba Umma, kamar ba ki taɓa haihuwa ba! Ki haɗa shi da jikinki mana, sanyi yake ji."

Na zauna a bakin gadon don kar in faɗi. Na matso da shi kaɗan. Na ƙara matsowa. Ya yi ta mutsu-mutsu yana neman wuri, ya zame ƙasa da ƙirjina ta dama, daidai ƙarƙashin haƙarƙari, inda likita ke dannawa, inda na yi shekaru ba na son ko zanina ya matse. Nan ya ajiye kansa. Ya ja ajiyar zuciya sau biyu ya yi shiru.

Auta ta fito ta ce kawo shi in ba shi nono. Na ce barci yake, ki bar shi.

Na dawo gida, na cire mayafi. Har yanzu wurin da ɗumi.